Huji Huɗu a Bayan Direba

Nives ta gama ɗinke fatar kujera ta biyu tun kafin rana ta take tsaka, amma ba ta ɗauki jakarta ba. Ta tsaya tana kallon mai walda yana jawo wayarsa zuwa bayan motar.

Wannan ita ce mota ƙirar Tafano ta farko, uwar duk waɗanda suka biyo baya. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Modena ya san labarinta. Ermes Bavutti ya ɗauki wata koɗaɗɗiyar motar gida, ya ciro injin daga gaba, ya dasa shi daf da ƙeyar direba. Nauyi ya dawo tsakiya, mota ta daina zamewa a kwana. Daga nan aka yi ta biyu mai faɗin taya, sai ta uku da ake cire wa rufi, har ta ƙarshe da tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba. Kowacce mutum biyu take ɗauka.

Yanzu wani attajiri daga Zurich ya sayi ta farkon, yana so ta fito fes kamar yau aka ƙera ta. A ƙasan motar, gefe da gefen inda injin ke zaune, akwai huji huɗu da ba sa riƙe komai. Yau za a toshe su.

Ta sami Learco, mai garejin, yana goge hannu.

"Learco, ka bar su mana. Wa zai gan su?"

"Haba Gwaggo! Mutumin nan da tocila yake shiga ƙarƙashin mota. Ko gashin hancina sai da ya leƙa."

"Ai tarihin motar ne."

"Tarihinta ga shi can a bango."

Ya nuna tsohon hoton da ke saman ƙofa: Bavutti riƙe da sitiyari, wata doguwar mace a gefensa iska na kaɗa mata gyale. A ƙasa an rubuta maganarsa da makanikan yankin suka haddace: "Mota ba ta gudu sai ka cire mata duk abin da ba dole ba."

Nives ba ta ɗaga kai ba. Tun da ta fara aiki a garejin, baya take ba wannan bangon.

Ita ta nemi aikin da kanta, ko da yake daga Ferrara take hawo jirgin ƙasa kullum, ga gwiwa ta fara ƙi. Ita ce ta gaya musu launin motar na asali kore ne, kafin su kankare jan fentin su gani. Learco ya ɗauka a littafi ta karanta.

Ta gwada abin da za ta iya. Ta buga wa attajirin waya, sakatariyarsa ta yi mata godiya mai sanyi ta kashe. Motar ba tata ba ce, garejin ba nata ba ne. Da ƙanenta Duilio yana raye, da ya ɗaga murya har a ji shi a dandalin coci. Amma Duilio ya rasu hunturun bara, ita kuwa ba ta iya ihu ba.

"Gwaggo, kau da kai," in ji mai waldar, "kada in gasa miki ido mijinki ya biyo ni."

"Ɗan dakata."

Ta durƙusa da ƙyar, ta zura ɗan yatsa cikin hujin hagu. A karkace yake. Dama can a karkace yake, shi ya sa notinsa ke kwancewa duk lokacin da aka hau titin duwatsu.

Ta miƙe ta ja baya. Tartsatsi ya tashi, warin ƙarfe ya cika garejin. Ba a daɗe ba aka bi wurin da injin goga, ya yi sumul.

Learco ya miƙo mata kofi a ɗan ƙaramin finjali.

"Kin gani? Kamar ba a taɓa sa komai a wurin ba."

"Haka ne," ta ce.

A kan hujin nan huɗu aka ɗaure kujerar baya, inda ita da Duilio ke zama duk Lahadi suna rigima a kan taga, har ranar da babansu Ermes Bavutti ya kwance ta, ya jingine ta a tsakar gida, ya fita da motar bai sake dawowa ba.