Zakin da Ya Shigo Sansani

Da gari ya waye, Baban 'yan biyu ya leƙo daga tantinsa ya tarar da sansanin masu yawon buɗe ido a hargitse. Mutane na ta naɗe barguna suna cusawa a mota, wata tsohuwa na zaune ana yi mata fifita.

"Lafiya?" ya tambayi maƙwabcin tantinsa, wani dogo mai kyamara a wuya.

"Au, ba ka ji ba? Zaki ya kwana yana ruri! Ta ɓangarenka ma."

Baban 'yan biyu kuwa ko ƙwaƙƙwaran motsi bai ji ba. Katifa yake sayarwa, kuma shi ko a kan dutse aka kwantar da shi sai ya yi wa sana'arsa talla. Amma da wane baki zai faɗa? Shi ne ya kwaso iyali tun daga birni, duk tsawon hanya yana koya musu yadda ake kallon zaki ido cikin ido, mutumin da haushin kare ke sa shi canza layi. Jiya sun wuni suna zaga gandun dajin, birai kawai suka gani, ɗaya ma ya fizge masa hula a gaban yaransa.

Da yamma matarsa ta roƙe shi ya kafa tanti can nesa da jama'a, ya ƙi. Sai ta kwashi yaran suka kwana a mota, gilasai a rufe ruf. Ya yi ta yi mata dariyar tsoro.

"Ji kuma?" ya ce, yana gyara tsayuwa. "Ai ni ganinsa na yi."

Nan take aka zagaye shi. Da farko ya ce inuwa ya hanga. Da ya ga ana buɗe baki, inuwar ta yi geza, ta yi haƙora, ta sa kai cikin tanti. Kafin ya kai ƙarshe, har ya ɗaga mata famfon taya ta juya da gudu. Matarsa ta zo ta ja masa riga.

"Baban 'yan biyu, zo mu tafi."

"Bari mana, ana magana tsakanin maza."

Ana cikin haka shugaban masu gadin daji ya iso da bindiga a kafaɗa. Ya zagaya tantin, ya duƙa ya duba ƙasa, bai ga sawu ba. Ya ce zaki ɗaya ya rage musu, tsoho ne da bai taɓa kusantar mutum ba.

"Amma in har ya fara leƙa tanti, dole a harbe shi yau. Malam, ka tabbata ka gan shi?"

'Yan biyun suka fashe da kuka. "Baba, kar a kashe shi!"

Baban 'yan biyu ya sosa ƙeya. In ya ce eh, an kashe bawan Allah a banza. In ya ce a'a, ya kashe kansa a gaban mutanen da yanzun nan suka gama tafa masa. Ya dubi matarsa, ta kau da kai tana gyara mayafi.

Dogon ne ya cece shi. Ya ce lokacin da abin ya tsananta ya danna ɗaukar murya, ya tura wayarsa waje, ya danne kai da matashi, kuma har yanzu bai samu zuciyar saurara ba. Mai gadin ya ce a kunna.

Rurin ya fito, mai kauri, yana hawa yana sauka. Tsohuwar ta dafe ƙirji. Shi kansa Baban 'yan biyu sai da ya ja da baya, yana gode wa Allah da bai farka ba.

Can rurin ya yanke, aka ji tari, sannan zakin ya ce cikin muryar barci, "Maman 'yan biyu, ja min bargon nan."