Muryar Gwaggo Lantana

Tun da aka kafa dokar haɗa kowane ɗan makaranta da dattijon unguwa, Gwaggo Lantana ke kula da Ummita. Ita ke duba mata karatu, ita ke raka ta asibiti in fukarta ta tashi. Makaranta ta ba yarinyar ɗan kunne mai naɗar hirarsu.

Bayan rasuwar Gwaggo, Lauratu, mahaifiyar Ummita, ta je mayar da shi.

"Ki bar mata," in ji shugabar makarantar. "Ai muryar Gwaggon tana ciki, tana magana. Za ta ci gaba da kula da ita."

Da yamma Lauratu tana tsince shinkafa, Ummita na karatu da ɗan kunnen a kunnenta, tana amsa, "To, Gwaggo."

"Ita ce kuwa?" Lauratu ta tambaya.

"Ita ce, Umma. Har ta tuna mini maganina." Yarinyar ta dubi littafinta. "Amma na karanta ba daidai ba da gangan, ba ta yi mini faɗa ba. Wai na yi ƙoƙari."

Lauratu ta ajiye faifan, ta matso kan tabarmar.

"Kawo littafin. Maimaita in ji."