An Riga An Duba Ɗakin

"Ku ɗan fita yau, Ummu Tamir, zan sa a gyara bututun banɗakinku," in ji Hajji Subhi, mai gidan da muke haya.

Shekara da shekaru ƙazanta na tsiyaya ta bangonmu, bai taɓa leƙowa ba. Na kwashi yara muka wuni gidan yayata a unguwar Shubra. Da muka dawo, bututun na nan yana ɗiga.

Ban damu ba. Albashina na nas ya cika sharaɗin gidajen haya masu rangwame da na nema, saura masu bincike su zo su ga inda muke kwana. Da na ji shiru, na bi su ofis.

Ina faɗin adireshin, ma'aikaciyar ta yamutsa fuska. "Ai mun je. Wari ya kusa sa ni amai, ga kyankyasai har cikin katifar yara. Mun ba mai ɗakin gida."

"Wane mai ɗakin?"

"Ɗan Hajji Subhi mana. Har kuka ya yi, bawan Allah. Ke kuma ki ji tsoron Allah, ki daina raɓewa da talaucin mutane."