Gawayin da Ya Ta da Injin Ban-ruwa

Tunda ka raina ɗan ci gaban da kake samu a gwajinka, bari in ba ka misali. Wata injiniya ce, mahaifinta manomin albasa a fadama, yana ban-ruwa da inji mai aiki da hasken rana. Matsalar injin ɗaya ce: in zai tashi yakan fizgi wuta mai yawa gaba ɗaya, batir kuwa ba ya jure fizga, sai ya mutu. Ga rani ya yi tsakiya, albasa ta fara kwanciya, wahalar tsoho na shirin tafiya a banza. To, akwai wata ma'ajiyar wuta da ake kira sufakafasita, mai cika nan take, ta juye nan take, ba ta gajiya. Aibinta ƙaramin ciki, don wadda ke hannun injiniyar takan ƙare kafin injin ya kama. Abokan aiki suka ce ta ƙara mata girma. Ita kuwa sai ta duba cikin ma'ajiyar, ta ga gawayi ne a ciki. A jikin gawayi wutar ke maƙalewa, saboda haka gawayin za a gyara.

Ta tara ɓawon gyaɗa, ta ƙona, ta daka, ta wanke, ta gwada. Wani ya zama toka, wani ya ƙi ɗaukar wuta. Gwaggonta ta ga hannuwanta baƙi ƙirin, ta ce, "Ke 'yar nan, duk bokon a gawayi ya ƙare?" Ta yi dariya, ta koma bakin wuta. Ni dai wallahi wannan naci nata ya burge ni. Daga ƙarshe ta samu gawayi mai ƙofofi birjik waɗanda ido ba ya gani. Abin da kowace ƙofa ke riƙewa bai taka kara ya karya ba, amma ƙofofin ba sa ƙirguwa. Ta ɗaura ma'ajiyar a jikin injin, girmanta na nan yadda yake. Injin ya yi tari, ya kama, ruwa ya gangara har fangali na ƙarshe. Tsoho ya tsuguna, ya tsoma hannu cikin ruwan, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Albasa ta miƙe. Ai Hausawa sun yi gaskiya da suka ce, da yayyafi kogi kan cika.