Mai Gadin Tudu

Da sassafe ranar Asabar katafila ta iso bakin filin, ta tarar da Alhaji Maje zaune a kan kujerar roba a tsakiyar hanya, yana kurɓar shayi.

Abin da yake gadi ba wani abin kallo ba ne. Tudun ƙasa ne da ya zagaye wani fili kamar ƙaramar ganuwa, ciyawa ta rufe shi, a can gefen Landan inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Ya kai shekara ɗari huɗu, kuma har yau masana ba su daidaita ba ko garken shanu ne ko sansanin soja. Amma doka ta hana a taɓa shi. Ta tagar gidan da Alhaji ya saya wa 'ya'yansa masu karatu ana hango shi.

Wani kamfanin gine-gine ne ya sayi gonar da ke kusa, yana so ya fitar da titi ta jikin tudun. Tun a kwanakin baya Jemima, tsohuwar malamar makaranta da ke shugabantar ƙungiyar unguwar, ta ce kada kowa ya damu, tunda ƙaramar hukuma ta ƙi ba su izini.

Alhaji ya yi murmushi. Ya ce mata irin wannan aiki ba a jiran izini. Za su zo ranar da ofisoshi suke rufe, su cinye kusurwa ɗaya, ranar Litinin su ce ruwan sama ne ya zaftare ta. Har kusurwar ya nuna mata da sandarsa.

Ta nan ɗin kuwa katafilar ta nufo.

Direban ya yi ta danna ham, Alhaji bai ko ɗago ba. Maƙwabta suka fito cikin rigunan barci suka jeru a bayansa. Kafin azahar 'yan sanda sun zo, katafila ta koma inda ta fito.

Da yamma aka yi masa walima a zauren taron unguwa. Jemima ta share ƙwalla, ta ce baƙo ya zo ya koya musu darajar abin da kakanninsu suka bari. Ta tambaye shi yadda aka yi ya san dabarun mutanen nan haka.

"Ina son tarihi ne kawai," in ji Alhaji.

Ana cikin tafi wayarsa ta yi ƙara. Ya fita waje ya ɗauka. Almu ne, mai kula masa da ayyuka a gida Najeriya.

"Ranka ya daɗe, mun gama ture ganuwar garin ta gabas, filin shagunanka ya fito. Ranar Litinin mu ce ruwan sama ne, kamar wancan karon?"