Gurbin Mamuda Tela

Tun da ruwa ya yi ƙaranci aka kafa doka a Kazaure: garin ba zai ƙaru da mutum ko ɗaya ba. In wani ya shigo, sai wani ya fita.

Malam Hendirik tsohon malamin makaranta ne wanda teku ta cinye garinsu a Turai. Shekara shida ke nan yana zaune a gurbin Mamuda tela, wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ya koma kudu. Duk shekara sai mahaifiyar Mamuda, Inna Tabawa, ta dangwala yatsa a takarda kafin a sabunta masa izinin zama.

Ranar Talata Malam Hendirik ya je da takardar, ya same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Malam, yaya gwiwar?" in ji ta. "Ka rage gishirin nan kuwa?"

"Na rage, Inna."

Ƙanwar Mamuda ta kawo masa ruwa, tana takawa da ƙyar saboda tsohon ciki.

"Watan gobe za ta sauka," in ji Inna. "Na riga na bar wa jaririn gurbina. Ka ga na samu dalilin zuwa wurin Mamuda ke nan."

Ya buɗe baki zai ce a ba jaririn nasa gurbin, sai ya tuna ba shi da ƙasar komawa. Ta miƙo hannu, ya ba ta takardar.

Har ya kai gida kunya ba ta sake shi ba, don abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne: baɗi wa zai dangwala masa?