Faffaɗan Mataki

Zakiru ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidan su Mairama a Marjandafak.

"Duba," ya ce. "Na sa mai walda a Dembe ya cire siririn ƙarfen da ke cin ƙafarki, ya sa faffaɗan mataki. Ko Mundu muka je, ba za ki gaji ba."

Mairama ta daɗe tana kallon matakin.

"Tun yaushe nake roƙonka wannan? Kullum gobe. Haka ka riƙa ce wa Baba kan aurenmu."

"Ɗora ƙafarki dai ki ji."

Ta ɗora a hankali. Sai a lokacin ya ga lallen amarci har idon sawu.

"Ya yi daidai," ta ce. "Da ma bara ka kawo shi, Zakiru."